Sharhi: Me ya sa baƙar fata suka yi ƙaranci a ajujuwan kimiyya da injiniyanci na jami'o'in Amurka?

Sharhinmu na yau zai kai mu nesa, har ƙasar Amurka, amma ku yi haƙuri ku bi mu, domin kafin mu kammala za ku ga maganar ta dawo har kan yatsan majinyacin da ke kwance a asibitin garinku.

A watan Agusta na shekarar 2024, jami'ar MIT, wadda duniya ta sani a fannin kimiyya da injiniyanci, ta fitar da alƙaluman sabbin ɗaliban da ta ɗauka. A shekaru huɗun da suka gabata, baƙar fata sukan kai kashi 13 cikin 100 na sabbin ɗalibai. A wannan karon sai suka faɗo zuwa kashi 5. Ƴan asalin Latin Amurka suka sauko daga kashi 16 zuwa 11, ƴan asalin Asiya kuma suka hau daga kashi 41 zuwa 47. Fararen fata kusan suna nan inda suke. Ajin yana da ɗalibai kimanin 1,100, ke nan in muka yi lissafi a tsaye, inda a da za ka samu baƙar fata wajen 140, a 2024 ba su wuce 55 ba. Cikin shekara ɗaya tak.

To me ya faru? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Hukuncin da ya canza komai

Ranar 29 ga watan Yuni na 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da wata ƙungiya ta wani mutum mai suna Edward Blum ta shigar kan jami'ar Harvard da jami'ar North Carolina. Kotun ta ce daga yanzu jami'a ba ta da ikon duba launin fata ko asalin ɗalibi a matsayin ɗaya daga cikin dalilan ɗaukarsa. Alƙalai shida ne suka goyi baya, kuma babban alƙali John Roberts ne ya rubuta hukuncin. Abin da aka bari kawai shi ne, ɗalibi yana iya bayani a takardar neman gurbi kan yadda wariya ta shafi rayuwarsa shi kansa.

Kafin nan, shekaru da dama manyan jami'o'i suna amfani da wani tsari na ɗan ɗaga wa ƴan tsiraru ƙafa. Wato in ɗalibai biyu sun cancanta, jami'a tana iya la'akari da cewa ɗayan ya fito daga al'ummar da aka daɗe ana danne ta. Masu ƙarar suka ce wannan ma wariya ce, kuma ƴan asalin Asiya ne ke biyan kuɗinta, domin suna zuwa da maki mai yawa amma a bar su a waje. Kotu ta ba su gaskiya.

Ba kowace jami'a ce ta ga faɗuwa irin ta MIT ba. A Yale da Princeton adadin baƙar fata bai motsa sosai ba a shekarar farko, a Harvard kuma ya sauko daga kashi 18 zuwa 14. Abin lura shi ne, jami'ar da ba a shigarta sai da lissafi mai ƙarfi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wannan ya nuna mana cewa ba a ƙofar jami'a gizo ke saƙa ba. Tsarin da kotu ta soke rufin asiri ne kawai ga wani giɓi da ya riga ya samu tun daga ƙasa.

Girman giɓin

Baƙar fata sun kai wajen kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na al'ummar Amurka. Cibiyar bincike ta Pew, a rahotonta na 2021, ta nuna cewa su ne kashi 11 na dukan ma'aikatan ƙasar, amma a ayyukan injiniyanci kashi 5 ne kawai. Ƴan asalin Latin Amurka kashi 17 ne na ma'aikata, amma a ayyukan kimiyya da fasaha baki ɗaya kashi 8 suke. Haka nan a digirin farko na shekarar 2018, baƙar fata sun samu kashi 10 na dukan digirori, amma a fannonin kimiyya da fasaha kashi 7 kaɗai.

Wani zai ce, to ƙila dai ba sa son fannin ne. Bincike ya ƙaryata wannan. A 2019 wata malama a jami'ar Texas, Catherine Riegle-Crumb, tare da abokan aikinta, sun bi diddigin dubban ɗalibai. Suka tarar cewa a ranar shiga jami'a sha'awar kusan ɗaya ce: kashi 19 na fararen fata suna zaɓar kimiyya, kashi 20 na ƴan Latin, kashi 18 na baƙar fata. A hanya ne ake rabuwa. Kashi 40 na baƙar fata da suka fara kimiyya sun canza fanni, alhali a fararen fata kashi 29 ne. Waɗanda suka bar jami'ar gaba ɗaya ba digiri kuwa, kashi 26 ne a baƙar fata, kashi 13 a fararen fata. Kun ga ke nan ana shiga tare, amma ba a fita tare.

Tushen matsalar

Dalili na farko tarihi ne. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma dokokin wariya suka ci gaba a jihohin kudu har kusan shekara ɗari. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba makarantun baƙi da na farare ya saɓa wa tsarin mulki, sai a 1964 aka yi babbar dokar ƴancin jama'a. Wato akwai tsofaffi da ransu a yau waɗanda doka ta hana su zama aji ɗaya da farar fata. Ku ɗauki misalin Edward Bouchet. A 1876 ya samu digirin dakta a fannin fizik a jami'ar Yale, shi ne baƙar fata na farko da ya samu irin wannan digiri a Amurka. Ba jami'ar farare da ta ba shi aikin koyarwa ko ɗakin bincike. Shekara 26 ya yi yana koyarwa a wata makarantar yaran baƙar fata a Philadelphia. Ilimin yana nan, ƙofar ce a rufe.

Dalili na biyu shi ne yadda ake ba makarantu kuɗi. A Amurka, babban kaso na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen unguwa yake fitowa. Unguwar masu hali gidajenta suna da tsada, harajin ya yi yawa, makarantar ta samu malamai ƙwararru da ɗakin gwaje-gwaje. Unguwar talakawa kuwa sai abin da hali ya yi. Kuma saboda tsohuwar wariya wajen ba da bashin gida da sayar da filaye, baƙar fata da yawa a irin waɗannan unguwanni suka taru. Alƙaluman ma'aikatar ilimin Amurka na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 sun nuna cewa rabin makarantun sakandaren ƙasar ne ke koyar da lissafi mai zurfi da ake kira kalkulas, amma a makarantun da baƙar fata da ƴan Latin suka fi yawa, kashi 38 ne kawai. To yaron da makarantarsa ba ta ma koyar da darasin, ta yaya zai yi gogayya da wanda ya yi shekara biyu yana yin sa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na uku aljihu ne. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa dukiyar matsakaicin iyali na farar fata ta kai dalar Amurka 285,000, ta iyalin baƙar fata kuma 44,900. In muka ƙiyasta dalar Amurka ɗaya a kan sefa 600, muna maganar miliyan 171 ne a gefe guda, miliyan 27 a ɗaya gefen. Karatun injiniya ba ya son raba hankali: ga darasi, ga ɗakin gwaji, ga aikin gida har tsakar dare. Ɗalibin da dole ya yi aikin kanti ko gidan abinci sa'o'i da yawa a mako don ya biya haya, ko ya aika wa mahaifiyarsa wani abu, shi ne zai fara faɗuwa jarabawar shekarar farko. In ya faɗi sau ɗaya, ba shi da kuɗin maimaitawa, sai ya koma fannin da zai gama da wuri, ko ya ajiye karatun.

Dalili na huɗu shi ne kaɗaici. A shekarun 1970, wani malamin lissafi a jami'ar Berkeley, Uri Treisman, ya so ya gane me ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙoƙari suke faɗuwa kalkulas, ɗalibai ƴan asalin Sin kuma suna ci. Ya bi su ya ga yadda suke karatu. Sai ya tarar baƙar fata suna daɗewa kan littafi ƙwarai, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Ƴan Sin kuwa bayan karatun kansu sai su haɗu, su gyara wa juna kuskure, su tambayi na gaba da su yadda jarabawa take. Da ya kafa rukunin karatu inda ake ba ɗalibai tambayoyi masu wuya su warware tare, sai sakamakon baƙar fatan ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kai kaɗai ne mai irin fatarka a aji, kuma ba malami ko ɗaya da ya yi kama da kai, ko tambaya za ka yi sai ka ji tsoron kada a ce ai daman ba wurinka ba ne.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Adalci ne mu ji su ma. Masu adawa da tsohon tsarin suna da hujja biyu. Ta farko, doka ba ta san launi ba, kuma ba daidai ba ne a hana yaron da iyayensa suka zo daga Vietnam ko Sin da hannu biyu gurbi saboda laifin da ba kakanninsa suka yi ba. Ta biyu, suna cewa in ka ɗauki ɗalibi ka kai shi jami'ar da ta fi ƙarfin shirinsa, cutarsa ka yi, domin da ya je wata matsakaiciya da ya gama injiniyancinsa lafiya. Alƙali Clarence Thomas, wanda shi ma baƙar fata ne, ya daɗe a kan wannan ra'ayi.

Sai dai akwai inda aka riga aka gwada. Jihar Kalifoniya ta haramta duba launi tun da ƙuri'ar jama'a ta 1996. Wani masanin tattalin arziki, Zachary Bleemer, ya bi bayanan ɗaliban jihar ya ga cewa bayan haramcin, ƴan tsiraru sun koma jami'o'i na ƙasa-ƙasa, amma hakan bai sa sun fi samun digirin kimiyya ba, raguwa ma aka yi. Ita kanta jami'ar Kalifoniya ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta kashe sama da dalar Amurka miliyan 500 wajen neman ɗalibai ta wasu hanyoyi, amma har yanzu ajujuwanta ba su yi kama da al'ummar jihar ba.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu ƴan Afirka, kuma ba a cika son faɗinta ba. Wani bincike na Douglas Massey da abokan aikinsa, da aka buga a 2007, ya nuna cewa a manyan jami'o'in da suka fi wuyar shiga, wajen kashi 41 na ɗalibai baƙar fata baƙin haure ne ko ƴaƴan baƙin haure, daga ƙasashe irin su Najeriya, Ghana da Jamaika. Da yawansu iyayensu masu digiri ne. Ke nan ko a lokacin da tsarin ke aiki, jikokin bayin da aka kafa shi dominsu ba su ne kaɗai ke cin gajiyarsa ba, kuma ainihin adadinsu ya fi ƙanƙanta da abin da alƙaluma ke nunawa.

Inda aka ci nasara

Ba duka labarin ne baƙi ba. Amurka tana da jami'o'i kimanin 100 da aka kafa tun zamanin wariya domin baƙar fata, irin su Howard, Spelman da North Carolina A&T, wadda ta yi suna wajen yaye injiniyoyi baƙar fata fiye da kowace jami'a a ƙasar. Waɗannan jami'o'i ba su wuce kashi 3 cikin 100 na manyan makarantun ƙasar ba, amma kusan ɗaya cikin huɗu na baƙar fata da suka kai ga digirin dakta a kimiyya da injiniyanci a can suka yi digirin farko. Kuma da ƙaramin kuɗi suke wannan aiki. A watan Satumba na 2023, ministocin ilimi da na noma na Amurka sun rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa cikin kusan shekara 30 an tauye wa irin waɗannan jami'o'i sama da dalar Amurka biliyan 12 da ya kamata su samu.

Sai kuma shirin Meyerhoff na jami'ar Maryland da ke yankin Baltimore, wanda Freeman Hrabowski ya kafa a 1988 da tallafin wani attajiri da matarsa. Tsarin ba wani sihiri ba ne: a biya wa ɗalibi kuɗin karatu, a tara su makonni shida kafin buɗe makaranta a ba su horo, a sa su karatu rukuni-rukuni, a haɗa kowa da malami mai bin lamarinsa, a kai su ɗakin bincike tun da wuri. Daga 1996 an buɗe shirin ga kowane launi. Cikin waɗanda suka fito daga nan akwai Kizzmekia Corbett, wadda ta kasance cikin jagororin masanan da suka haɗa allurar rigakafin korona ta kamfanin Moderna.

To amma irin waɗannan shirye-shirye ma yanzu suna cikin tsaka mai wuya. A watan Janairu na 2025, da dawowarsa mulki, shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rufe shirye-shiryen gwamnati na daidaita wakilcin jinsi da launi. Daga watan Afrilu na shekarar, hukumar NSF mai ba da kuɗin binciken kimiyya ta soke tallafi fiye da dubu, kuma da yawa daga ciki na jawo ƴan tsiraru da mata ne zuwa kimiyya. Wato an rufe ƙofar sama, ga shi kuma ana janye tsanin ƙasa.

Ina ruwanmu?

Ga inda maganar ta iso gida. Duk wanda ya taɓa jinya ya san ƴar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don a auna iskar oksijin da ke cikin jininsa. Da haske take aiki, hasken kuma ta cikin fata yake ratsawa. A watan Disamba na 2020, likitoci a jami'ar Michigan ƙarƙashin Michael Sjoding suka buga bincike da ya nuna cewa na'urar tana nuna komai lafiya alhali iskar ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku: wajen kashi 12 cikin 100, a fararen fata kuma ƙasa da kashi 4. Tun 1990 wasu likitoci suka yi nuni da matsalar, amma aka yi shekara 30 ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Sai a Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a gwada na'urorin a kan fatu iri-iri. Irin waɗannan na'urori ne ake shigo da su asibitocinmu, kuma fatar majinyatanmu ita ce wadda na'urar ta fi yi wa kuskure.

Misali na biyu, Joy Buolamwini, wadda iyayenta ƴan Ghana ne. Tana ɗaliba a MIT ta lura manhajar gane fuska ba ta ganin fuskarta sai ta sa farin abin rufe fuska. A 2018 ita da Timnit Gebru, haifaffiyar Addis Ababa, suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku. Kuskuren da suke yi kan maza farare bai kai kashi 1 ba, kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. Kamfanonin suka koma suka yi gyara. Ba muna cewa injiniya farar fata mugu ba ne, ko kuma baƙar fata ba ya kuskure. Abin da muke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ba ka cikin ɗakin da ake ƙera abu, ba lalle a tuna da kai ba.

Mu a Nijar ba mu da matsalar launi irin ta Amurka, amma tambayar da labarin ya tayar tamu ce: a wane aji ne ƙofar kimiyya ke rufewa, kuma wa take rufe wa? Kowa ya san a jarabawar BAC masu zama sashen C ƴan kaɗan ne in aka kwatanta da sashen A. Yarinyar ƙauye da ɗan makiyayi, nawa ne cikinsu ke kai wa makarantar EMIG ko tsangayar kimiyya ta jami'o'inmu? Babbar jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, ɗan Tasawa, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana. Shi ma yaro ne da wata rana aka ba shi dama.

Abin da ya bayyana daga Amurka shi ne, gardamar ƙofar jami'a ta ƙare a kotu, amma giɓin yana nan, domin tun daga ajin lissafi na sakandare yake farawa. Kuma abin da ya yi aiki a can ba ɓoyayye ba ne: malamin lissafi a kowace makaranta, kuɗin da zai hana ɗalibi barin karatu, rukunin abokan karatu, da babba mai bin sawun yaro. Nan da ƴan shekaru, alƙaluman masu kammala injiniyanci za su nuna ko Amurka ta zuba kuɗi a waɗannan wurare ko ta bar abin haka nan.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman malaman lissafi da kimiyya da iyayen yara. Sai mun haɗu a sharhi na gaba, mu kwana lafiya.